Gigin Tsufa ko Gigin Gwaji?

'Yan'uwana ɗalibai, maganar da zan kawo a wannan fitowa kamar ta likitoci ce, amma duk wanda ya duba da kyau zai ga akwai hannun masu nazarin harshe a cikinta. Ina nufin yadda ake gwada ƙwaƙwalwar tsofaffi don a gano ko sun kamu da cutar mantuwa, wadda Bahaushe yakan kira gigin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan cuta sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ra'ayina shi ne, gwajin da aka gina shi a kan wata al'ada ba ya zama na wata al'ada don kawai an fassara kalmominsa.

Bari mu ɗauki gwajin MMSE, wanda Marshal Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a shekarar 1975. Yana da maki 30, kuma galibi wanda ya samu ƙasa da 24 akan fara zargin yana da matsala. A cikinsa ana sa mutum ya karanta umurni ya aikata, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane da fensir, sannan ya riƙa cire 7 daga 100 har sau biyar, ko kuwa ya jero haruffan wata kalma daga ƙarshe zuwa farko. Waɗannan kaɗai maki 8 ne. To, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya rasa su gaba ɗaya, ta tsaya a 22, alhali a kasuwa babu mai cutar ta ko da na kwabo. Shin ƙwaƙwalwarta aka auna ko bokonta?

Sauran tambayoyin ma haka suke. Idan aka tambayi dattijo wane wata ake ciki, ya ce Rajab, ai bai ɓata ba, kalandarsa ce daban. Idan aka tambaye shi yanayin shekara, lissafinsa na bazara da damina da kaka da rani ne, wanda bai yi daidai da na Turai ba. Wanda ya yi karatun allo yana iya rubuta wasiƙa da ajami, amma takardar gwajin ba ta san da shi ba. Akwai kuma alkunya. Idan mai gwaji ya nemi tsohuwa ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, baƙon likita zai rubuta cewa ta manta. Mu da muka koyi Hausa a aji mun san cewa irin wannan shirun ba a samun ma'anarsa a ƙamus.

Wani zai ce, idan kowace al'umma ta yi nata gwajin, ta yaya za a kwatanta sakamako? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma an ba da amsarta a ƙasar nan. A shekarar 1992 aka fara wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, a ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Hugh Hendrie. An kwatanta Yarbawa da baƙar fatar Amurka 'yan shekara 65 zuwa sama. Sun yi amfani da gwajin CSI-D, wanda aka tsara shi tun farko don a yi aiki da shi a al'adu mabambanta. Bai tsaya ga tambayar tsohon kaɗai ba, yana kuma jin ta bakin wani na kusa da shi game da yadda yake tafiyar da harkokinsa na yau da kullum. Sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, da kashi 8.24 a Indiyanafolis idan an haɗa da mazauna gidajen kula da tsofaffi. Ana iya yin muhawara a kan dalilan wannan bambanci, amma an samu damar kwatantawar ne saboda an gyara ma'aunin tukuna. Daga wannan aiki ne kuma aka fito da dabarar ba wa tsoho tsinken ashana huɗu ya jera su ya kwaikwayi siffa, maimakon a danƙa masa fensirin da bai saba riƙewa ba.

Abin da ke kan gaba ba ƙarami ba ne. Gurguwar fassara tana iya sa a ɗora wa mai lafiya tambarin cuta, har iyali su daina jin shawararsa. Tana kuma iya sa likitoci su daina amincewa da gwajin, sai mai cutar na gaskiya ya zauna a gida ana cewa tsufa ne kawai, ko ma a jefe shi da zargin maita.

Saboda haka nake kira ga malamanmu da su nemi haɗa kai da sassan koyon likitanci, a ba ɗalibai irin wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri. Likita ya san abin da kowace tambaya take aunawa. Mu kuma aikinmu ne mu nemo tambayar da za ta auna abin nan ɗin a bakin Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, sannan a gwada ta a kan tsofaffi masu lafiya kafin a kai ta asibiti. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun cancanci a yi musu tambaya da harshen da suka sani, kafin a yanke hukunci a kan hankalinsu.