Kurmawa: A Tambayi Masu Kai Abinci

Mu da muka tashi a zamanin En'e mun san gidan da ba a ambatonsa da dare. Ko a nan Minna, in aka ce an kai wane Kurmawa, sai gida ya yi tsit. Tun 1910 gidan yarin nan yake tsaye a cikin birnin Kano, daf da fadar sarki, yana haɗiye mutane.

A 2025 gwamnatin Kano ta ce za ta kwashe fursunonin zuwa Janguza, ta mai da ginin gidan tarihi. Madalla. Amma tarihin wa?

Mun manta da yawa, jama'a. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, talaka kan kwana a gidan yarin En'e don kawai ya halarci lacca. Dogari ya kamo, alƙali ya yanke, gandiroba ya rufe. Ga gabza, ga gwale-gwale, ga mari a ƙafa. A waje kuma uwa ce zaune a gindin katanga, kwanon tuwo ɗaure cikin ɗankwali a cinyarta, tana jiran a kira sunan ɗanta har tuwon ya huce. Ita ma ɗaurin ta sha, ba a dai rubuta ta a rajista ba.

Yaranmu na yau, da waya a hannu, sun fi sanin kurkukun Mandela da namu. Ba laifinsu ba ne. A Johannesburg, tsohon kurkukun da aka taɓa tsare shi ne ya zama harabar Kotun Tsarin Mulki a 2004. An gina sashenta da tubalin ɗakunan tsare mutane, aka kuma nemo tsofaffin fursunoni suka ba da labari da bakinsu.

Mu Nejawa mun san ƙarshen tarihin da ba shi da mai riƙo. Ga Zungeru nan, tsohuwar hedikwatar Gwamna Lugga, kango sai ciyawa. Gadarsa ma tun 1954 aka ciro ta aka kai Kaduna.

Ciwon ɗan yatsa, mai shi ya san zafinsa. Kafin ɗan kwangila ya shigo da bokitin fenti, a tara tsofaffin unguwar, da gandirobobin da suka yi ritaya, da 'ya'yan 'yan NEPU, da waɗanda suka kwana a ciki, su nuna ɗakin da za a bari yadda yake, har da zanen farce a bango. Yawancinsu sun haura saba'in.