Baƙon da ya zo da fartanya

A hutun da ya wuce na je gida Likoro, na tarar ana gardama a majalisa kan wani matashi da kakansa ya zo ci-rani, aka ba shi aron fadama ya noma rake. A garin aka binne cibiyar yaron, amma da ya tashi neman takardar shaidar ɗan asali domin shiga jami'a, sai wasu suka ce ai baƙo ne. Wannan magana ta tuna mini da wani gari a Sudan.

A Yulin 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas da niyyar isa Makka. Bayan 'yan shekaru suka yada zango a bakin reshen kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha, kusa da Sinnar. Nan suka sare daji, suka shuka dawa, suka gina masallaci, har zango ya zama gari mai suna Mai Wurno. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gumin mutanenmu na cikin abin da ya raya gonakin audugar Jazira.

Duk da haka, dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ɗora sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa sun zauna a ƙasar tun kafin 1898. Da wannan aka mayar da jikokin waɗanda suka kafa gari baƙi a garinsu, ana kiransu Fallata cikin raini.

Mai karatu, in wannan labari ya sosa maka rai, to ka dubi gida. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma wanda ya shekara sittin yana biyan haraji, yana fitar da zakkar amfanin gona, ya binne iyayensa a maƙabartarmu, ya wuce raɓa. Ya kamata majalisun jihohinmu su sanya haihuwa da daɗewar zama cikin ma'aunin ɗan asali. Kafin nan, dagatai da masu unguwanni su sa wa irin wannan yaro hannu, kada lokacin rajista ya wuce shi.