Niƙaƙƙen naman talo-talo da darasin girkin daren aiki

Duk ma'aikacin da ke tashi daga Sakatariyar Tarayya da ƙarfe huɗu na yamma, ya kutsa cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa, ya isa gida bayan magariba, ya san tambayar da ke jiran sa a bakin ƙofa: me za a ci? Hadiman manya kuwa, waɗanda ba sa tashi sai maigida ya tashi, nasu ya fi tsanani. A gidaje da dama amsar ita ce taliyar leda ga yara, shayi da burodi ga manya, kowa ya ci a tsaye ya kwanta. Ra'ayina shi ne wannan ba dole ba ne, kuma akwai abin koyo daga yadda iyalan Amurka ke sarrafa niƙaƙƙen naman talo-talo a ranakun aiki.

A Amurka talo-talo yana zuwa teburi ta hanya biyu. Akwai wanda ake gasawa ɗungurungum a bikin godiya na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, aikin da ke cin sa'o'i. Akwai kuma niƙaƙƙensa, wanda ake sayarwa duk shekara a ƙunshin laba ɗaya, wato kimanin giram 450, an rubuta yawan kitsensa a jiki, galibi kashi 7 ko kashi 15 cikin ɗari. Shi ne na ranar Talata. Uwa ko uba ya dawo daga aiki, ya buɗe firji, ya ga abin da ya rage, ya haɗa: yau da wake da barkono, gobe a kan taliya, jibi a mulmula shi ƙwallo-ƙwallo a jefa cikin miyar tumatur. Ba littafin girki ake buɗewa ba, tsari ɗaya aka riƙe ana sauya masa riga.

Tsarin mai sauƙi ne. Nama idan aka niƙa shi, zafi yana ratsa shi nan take, don haka abin da tsokar saniya za ta ci sa'a guda kafin ta yi laushi, niƙaƙƙe yana nuna cikin minti goma. A fara ɗora ruwan shinkafa ko na taliya, domin shi ya fi jinkiri. A soya albasa a man gyaɗa, a zuba naman, a farfasa shi da ludayi, a bar shi ya ɗan yi ja kafin a juya. Sai tafarnuwa da citta, sannan jajjagen tattasai da attarugu da tumatur. Daga nan duk abin da ke gidan ya shiga: kabeji, karas, alayyahu, ko ragowar dafaffen wake. Da irin wannan ƙari, rabin kilo yana isar gida mai mutum biyar. Naman talo-talo ba shi da kitse sosai, ɗanɗanonsa kuma salam yake, saboda haka yana buƙatar mai da kayan ƙamshi, kuma idan ya daɗe a wuta yakan bushe. A nan mun fi Amurkawa sa'a, domin ɗan ƙullin daddawa yana yi masa abin da su suke nema da miyar kwalba.

Akwai hattara guda da ba ta da sassauci. Niƙa tana cuɗa ƙwayoyin cutar da ke bayan nama har cikin tsakiyarsa. Shi ya sa hukumar aikin gona ta Amurka ta ce niƙaƙƙen naman tsuntsaye sai zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyas. A shekarar 2011 kamfanin Cargill ya janye kimanin laba miliyan 36 na niƙaƙƙen talo-talo daga kasuwa saboda ƙwayar cutar salmonela. Idan haka ta faru inda wutar lantarki ba ta ƙiftawa, mu da firjinmu ke kwana babu wuta ya kamata mu fi kula. A dafa naman cikin kwana ɗaya ko biyu da niƙawa, ko a raba shi ƙulli-ƙulli a daskarar, kuma a tabbata injin niƙan mai tsabta ne.

Mai karatu zai ce talo-talo a Abuja ba abincin mai ƙaramin albashi ba ne, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023, mafi ƙarancin albashi kuma yana naira 70,000. Wannan gaskiya ne. Bugu da ƙari, daskararren naman kaji da talo-talo yana cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, don haka wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa ta iyakar Jamhuriyar Benin babu mai iya shaidar yadda aka yanka shi ko yadda aka adana shi a hanya. Amma abin koyon tsarin ne, tsuntsun kuwa ana iya musanya shi. Mahauci a kasuwar Wuse ko Utako zai niƙa maka naman saniya ko tsokar kaza, kuma girkin bai sauya ba. Wanda ya samu talo-talon gida da aka yanka a gabansa, madalla.

Wani kuma zai ce abincin minti talatin ba abinci ba ne, sai tuwo da miyar da ta sha wuta. Ni ma ɗan tuwo ne. Amma a bar masa Asabar da Lahadi, lokacin da za a ba shi haƙƙinsa. A daren Laraba, da a kwana da shayi gara a zauna tare a kan faranti mai zafi, a ji yadda makarantar yara ta kasance.

Abu na ƙarshe shi ya fi nauyi. Mata da yawa a wannan birni ma'aikatan tarayya ne, motar da ta kwaso miji ita ta kwaso su, gajiyar ɗaya ce. Girkin da bai wuce yanka albasa da juya nama a kasko ba, babu namijin da ke rubuta wa babban sakatare takarda da zai ce ya fi ƙarfinsa. Hannu da yawa, in ji Bahaushe, maganin ƙazamar miya. Wanda ya riga isa gida, shi ya ɗora ruwan.