Kunnen Ɓarawo A Kan Igiyar Haske

Cikin watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe hanyar wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin 'yan bindiga suna samun labarin motsin sojoji ta waya. Wanda ya tuna daren 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Kimiyya ta Ƙanƙara, ba zai yi hanzarin zargin Gwamnati ba. Amma wahalar ta fi faɗa wa mai gaskiya. Malami da akawu sai sun yi tafiya wani gari kafin su ji ko albashi ya shiga.

To, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa igiyar gilashi mai tsawon kilomita 90,000, wadda ke ɗaukar saƙo da haske. Mutane da yawa sun ɗauka ba a iya satar jin abin da ke cikinta. Kuskure ne. In aka feɗe bawonta aka lanƙwasa zaren kaɗan, sai haske ya ɗiga waje, ɗan abin da ya ɗiga kuwa ya ishi mai na'ura ya karanta, ba tare da saƙon ya tsaya ba. A 2013 ma asiri ya tonu cewa ma'aikatan leƙen asirin Ingila suna kwafar abin da ke bi ta irin waɗannan igiyoyi.

Dabarar da masana ke gwadawa ita ce a hargitsa hasken kansa tun daga mafari, watau a warwatsa shi bisa wani tsari wanda na'urar mai karɓa kaɗai ke da mabuɗinsa. Ɓarawo ya sami hasken, amma shirme kurum zai gani.

Muna roƙon Gwamnati, in igiyar za ta ratsa dazuzzukan nan, a sa sharaɗin kulle saƙo cikin kwangila tun farko, a kuma koya wa 'ya'yanmu aikin a kwalejoji. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Mai kai wa 'yan bindiga labari daga kasuwar Faskari bai taɓa igiya ba, da idonsa ya gani, da bakinsa ya faɗa. Wannan kuwa aikin masu unguwa ne da dagatai da alƙalai.