Makarantar Soja Ba Gidan Gyaran Kangararru Ba Ce

Zuwa ga Edita,

A Lafia, da zarar yaro ya fara gudun makaranta ko kwana a majalisar abokai, sai dangi su ce wa uban: "Alhaji, kai shi makarantar soja su gyara maka shi."

Kyakkyawan zaton yana da tushe. Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, ta yaye janar-janar da dama, ta sojojin sama da ke Jos kuma tana aiki tun 1980. Tashin asuba, fareti, gyaran gado da goge takalmi har ya yi ƙyalli suna saita yaron da rashin tsari ne kawai matsalarsa.

Amma waɗannan makarantu da jarrabawa ake shiga, da gwajin lafiya, kuma 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare suke ɗauka. Ɗan shekara 16 da ya faɗa shan ƙwaya ba zai samu gurbi ba, likita da mai ba da shawara yake buƙata. Idan iyaye suka rasa mafita ne suke miƙa ɗa ko'ina. A Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Abin da ciwo!

Don Allah gwamnatin Nasarawa ta sanya ƙwararrun masu ba da shawara a makarantun sakandarenta, iyaye kuma su zauna da malaman yaro kafin su yanke hukunci.

Daga wani mai karatu,
Lafia, Jihar Nasarawa.