Kwamfuta Ba Ta Gyara Abin Da Aka Rubuta Ba Daidai Ba

Sannu a hankali asibitocinmu suna barin manyan littattafan rajista suna komawa ga kwamfuta. Nijar da Najeriya duka suna tattara alƙaluman lafiya da manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro. Wannan ci gaba ne, muna maraba da shi. Sai dai kwamfuta ba ta san gaskiya ko ƙarya ba. Abin da aka zuba mata shi take adanawa.

Matsalar ta fi shafar ƴan kasuwar kan iyaka. Mutum ɗaya ne, amma a Maraɗi an rubuta shi Mahamadou, a Jibiya Muhammadu, a wani wuri Mamman. Ga kwamfuta waɗannan mutum uku ne, kowa da guntun tarihinsa. A ɗaya gefen kuma, da yawa daga cikinmu ba su da takardar haihuwa, sai a sa musu 1 ga Janairu. Idan suna ya zo ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ana iya haɗa mutum biyu a fayil guda, sakamakon gwajin wani ya faɗa kan wani.

Wannan ba wasa ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaro, da nauyinsa ake auna shi. In an rubuta kilo 21 a maimakon 12, an ba shi fiye da ƙima. Wanda jikinsa ba ya karɓar wani magani, in ba a rubuta ba, gobe wani likita zai sake ba shi. Haka nan a 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano da Matamaye. A irin wannan hali, da alƙaluman asibitoci ake yanke inda za a kai allurar rigakafi. Garin da aka rubuta ba daidai ba, shi za a tsallake.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikaci ɗaya da layi har bakin ƙofa, ga ɗaukewar wuta, dole kuskure ya shigo. Amma mu ma muna da namu laifin: aron katin ɗan'uwa don kauce wa kuɗin sabo, rage shekaru, da ɓoye ƙwayoyin da muka saya a tebur.

Don haka muna kira ga ƴan'uwa ƴan kasuwa: ku ba da suna yadda yake a katin shaidarku, a kowane ɓangaren iyaka. Ku roƙi ma'aikaci ya karanta muku abin da ya rubuta kafin ku tashi. Ku riƙe katin asibiti da takardun gwaji kamar yadda kuke riƙe takardun kwastan, domin fayil ɗin Ƙonni ba ya bin ku zuwa Illela.

Ga hukumomi kuwa, sayen na'ura kaɗai bai isa ba. A horar da ma'aikata, a samar da wutar hasken rana, a ba kowane majiyyaci lamba ɗaya tak, a kuma riƙa kwatanta abin da ke cikin kwamfuta da na rajista. Ɗan kasuwa ya san cewa littafin bashi mai kuskure yana karya jari. Na asibiti kuwa rai yake ci. Allah ya ba mu lafiya.