Kwangilar Kayan Makaranta: Laifin Wa?

Duk wanda ya leƙa ajin firamare a ƙauyukan ƙasar nan, ko ma a wasu unguwannin manyan birane, ya ga yara zaune dirshan a ƙasa, ga kuma karyayyun bencina an jibge a bayan aji, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne Allah wadai da ɗan kwangila. Ba a ce ɗan kwangila ba shi da laifi ba. Amma fa in aka tsaya a kansa shi kaɗai, to, an bar jaki ana dukan taiki, domin lalacewar bencin nan ta samo asali ne tun daga ofishin da aka rubuta takardar odarsa.

Sayar wa hukumar makarantu kaya bai zama babbar sana'a ba sai da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E., ya zo. Janar Gowon ne ya yi shelarsa a Sakkwato cikin 1974, aka kuma fara shi a watan Satumba na 1976 zamanin Janar Obasanjo. An yi tanadin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Ana bukatar azuzuwa da bencina da alluna da alli da littattafai cikin gaggawa, ga kuɗin man fetur ya samu, ga kuma En'e-En'e, waɗanda dā su ke riƙe da makarantun da sitocinsu, an rushe su a wannan shekara an kafa ƙananan hukumomi. Sai kowa ya zama ɗan kwangila: da mai tireda, da tsohon akawu, da wanda bai taɓa riƙe zarto ba. Wannan ɗabi'a ta ɗaukar kwangilar makaranta tamkar rabon ganima, tun daga lokacin ta kafu, kuma har yau ba ta kau ba.

Tsarin da ake bi yanzu ya fito ne daga shirin U.B.E. wanda aka ƙaddamar a Sakkwato cikin 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce Gwamnatin Tarayya za ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta ba, ta hannun hukumar UBEC, kuma jiha ba za ta karɓi tallafin ayyuka ba sai ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta. Daga nan kuɗi ya gangaro wa hukumar SUBEB ta jiha, ita ce kuwa ke ba da mafi yawan kwangiloli. Ƙarƙashinta akwai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, can ƙasa kuma ga hedimasta.

A nan ne wannan ciniki ya sha bamban da na kasuwa. Magidancin da ya je wajen kafinta sayen kujera, shi zai zaɓa, shi zai biya, shi zai zauna a kanta, in ta karye kuwa ya san hanyar shagon. A cinikin makaranta kuwa, mai zaɓe daban, mai biya daban, mai zama daban. Wanda ya sa hannu a takarda yana babban birnin jiha, mai yiwuwa bai taɓa taka ƙauyen ba. Hedimasta sai dai ya ga mota ta tsaya, an sauke kaya, an miƙo masa takarda ya sa hannu, alhali bai san da irin katakon da aka yi sharaɗi ba, bai kuma san adadin da aka rubuta ba. Yaron da zai hau bencin, shi ba a ma zancensa.

Sai batun wanda ke iya shiga takarar. Kafin a saurari mutum sai ya kawo rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da wasu takardu na hukumomi dabam-dabam, ga kuɗin sayen takardar neman kwangila. Manufar waɗannan sharuɗɗa mai kyau ce, sai dai kafintan da ke bakin tasha, wanda shi ne ya iya aikin, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Mai takardu shi ke samun aiki, sa'an nan ya sayar wa wani ya zare ribarsa, wancan ma ya miƙa wa na gaba, har aikin ya isa hannun kafinta bayan kowa ya yagi rabonsa, ban da na goro da aka bari a ofis. Abin da ya rage ba ya sayen busasshen katako mai ƙwari. Sai a sayo ɗanye, a rage kauri, a buga ƙusa biyu inda ya kamata a buga huɗu, a shafe da fenti. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Amma babbar cutar, wadda ba a cika faɗa ba saboda ba ta da daɗin tsegumi kamar cin hanci, ita ce jinkirin biya. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce duk kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an gabatar da takardun kammala aiki, ya zama jinkirtaccen biya, kuma sai an ɗora masa ruwa. Dokar ta shafi har ayyukan da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsu daga Tarayya ya fito, ke nan ayyukan da UBEC ta zuba rabin kuɗinsu suna ciki. To, ɗan kwangila nawa ne zai iya tsayawa gaban hukumar da yake fatan ta sake ba shi aiki baɗi, ya ce sai ta biya shi ruwan jinkiri? Shiru yake yi, ya dinga sintiri tsakanin ofishin akanta da na ma'aji, yau a ce fayil yana sama, gobe a ce kuɗi bai sauko ba.

A duba lissafin. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mutumin da ya ci bashi ya yi aikin naira miliyan 10, aka riƙe masa kuɗi shekara guda a irin wannan hali, abin da zai karɓa bai fi darajar miliyan 7 da rabi ba, tun kafin ya biya mai bashi. Ɗan kasuwa ba wawa ba ne. Tunda ya san za a ja masa rai, tun farko zai tsuga farashi, ko ya rage ingancin kaya, ko ya haɗa duka biyun. Mai tsoron Allah wanda ba zai iya ɗayan biyun ba, sau ɗaya yake gwadawa ya koma kasuwarsa. Ta haka hukuma da hannunta take korar mutanen kirki, ta rage daga ita sai masu algus, sa'an nan ta dawo tana kukan 'yan kwangila ba su da amana.

Shirin ciyar da 'yan makaranta da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ya nuna abin a fili. An yi dabara mai kyau, aka ɗauki mata masu dafa abinci daga cikin gari, ana zuba musu kuɗi kai tsaye a asusunsu na banki, ba ɗan tsakiya. Sai dai an yanke naira 70 a kan kowane yaro, aka bar ta haka shekara da shekaru kayan abinci na tashi, kuɗin kuma ba ya zuwa a kan kari. Ba a bukatar boka kafin a san abin da zai sami ludayin mai rabo. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi.

Wani zai ce sayen kaya a dunƙule daga babban kamfani ya fi araha, ya kuma fi sauƙin bincike. Wannan gaskiya ne game da littattafai, domin ba kowane gari ke da maɗaba'a irin Gaskiya ta Zariya ba, kuma dole littafin aji ya zama iri ɗaya a ko'ina. Amma benci da tebur da gyaran rufi da ɗinkin kayan makaranta, wane gari ne ba shi da kafinta da tela? Ɗauko benci daga birni a kai shi ƙauye mai nisan mil ɗari a bayan a-kori-kura, kuɗin mota kaɗai ya ci wani kaso, rabin kayan kuma sun sassauta kafin a sauke.

Abin da ya kamata shi ne a raba irin waɗannan ayyuka ƙanana-ƙanana, a sauƙaƙa takardunsu, a ba masu sana'a na yankin ta hannun kwamitocin kula da makarantu da ake kira S.B.M.C., waɗanda ke da iyaye da malamai da masu unguwa a ciki. Kafintan da ɗansa ke aji uku zai yi tunani kafin ya sa ɗanyen katako. Kada a ba da oda sai kuɗinta na ajiye, a kuma rubuta ranar biya a jikin takarda. A aika wa hedimasta kwafen odar tun kafin kaya su iso, da adadi da awo da irin katako, a ba shi ikon ya ƙi karɓa ba tare da an yi masa canjin wurin aiki ba. Kowane benci kuma a rubuta masa sunan wanda ya yi shi da shekarar da aka yi, a riƙe wani kaso na kuɗin har sai bencin ya ga ƙarshen zangon karatu guda da yara a kansa.